Kanfur, birnin fata da takalmi a Indiya: abin koyi ne ko abin a ce Allah ya kiyaye?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun da na dawo daga Indiya ake ta tambayata yadda tafiya ta kasance, to bari in zuba a nan sau ɗaya in huta. Wani gari na je da ake kira Kanfur, a jihar Uttar Pradesh, ba nisa da Laknau, babban birnin jihar. Takalman ma'aikata na je nema, irin masu ƙarfe a baki ɗin nan da kamfanonin gine-gine ke saya wa leburorinsu. Gari ne babba, mutanensa sun doshi miliyan 3 tun a ƙidayar 2011, kuma yana kwance ne a gaɓar kogin Ganga.

Unguwar majemansu sunanta Jajmau. Tun kafin ka shiga hancinka zai gaya maka ka iso. Duk wanda ya taɓa bi ta Challawa da rana tsaka ya san warin da nake nufi, sai dai nasu ka ninka shi. Amalanke da manyan motoci cike da ƙiraga, an jibge fatu shuɗaye a ƙofar kowace masana'anta, lambatu kuma ruwansa wani lokaci baƙi, wani lokaci shuɗi-shuɗi. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan: ƙirgi ya shiga unguwar da gishirinsa, ya fito takalmi a cikin kwali, da lambar kamfanin Jamus ko Ingila a jiki. Jima a nan, yanka a nan, ɗinki a nan, mai yin tafin takalmi yana layin baya, mai kwali yana gabansa. Mu kuwa mu jeme fata rabi-rabi, mu loda a kwantena, a kai Italiya, sannan mu koma Ƙofar Wambai mu sayi takalmin roba na Sin. Me suka fi mu da shi? Tambayar da na dawo da ita ke nan.

Na Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji barka da dawowa. Kogin Ganga kuma? To wa ke kaɗa ta? Tsarabarmu dai muke jira, ni lamba 43 nake sawa.

Malam Na-Zariya:
Alhaji sannu da hanya. Amsar tambayarka tana cikin tarihin garin, kuma kalma ɗaya ce: soja. Kanfur barikin sojan Turawan Ingila ne tun ƙarshen ƙarni na 18, a 1801 kuma garin ya koma hannun kamfanin Ingilishi da ke mulkin Indiya. Soja na wancan zamani doki ne da ƙafa, wato sirdi da ragama da ɗamara da takalmi. Bayan boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857, wanda a Kanfur aka yi ɗaya daga cikin munanan artabunsa, Turawa suka ga jiran kaya daga Ingila ta jirgin ruwa ba zai fisshe su ba. Sai gwamnati ta kafa masana'antar kayan doki a garin wajen 1860. Bayan kamar shekara ashirin kamfanin Cooper Allen ya buɗe, ya shiga ɗinka wa soja takalma. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu suka zo, oda ta yi ta zuba. Ga masaƙu kuma, har aka riƙa yi wa garin kirari da Manchesta ta gabas.

Ka ga ke nan ba fasaha ce ta fara zuwa ba, mai saye ne ya fara zuwa. Mai saye ɗaya, babba, wanda ba ya fashi, kuma yana da awo da ƙa'idar da ba ya sassautawa. Baduku ya yi shekara ɗari yana ɗinka wa soja takalmi dubu iri ɗaya, ƙafar dama ba ta saɓa wa ta hagu ba, ai dole hannunsa ya faɗa.

Baba Majemi:
Malam ka yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni ban yi boko ba, jikana ne ke rubuta min. Amma kada yaran nan su ɗauka mu jiya muka fara. Na gaji jima wurin mahaifina, shi ma wurin nasa. Tun ana tafiya da raƙuma fatar jar akuyarmu ke ratsa hamada, Turawa su saya a hannun Larabawa su ce fatar Maroko ce. Toka da katsi mu cire gashi, bagaruwa mu jeme, karan dafi mu rina ja, kuloko mu rina baƙi. Babu abin da muke zubarwa da zai kashe kifi.

Malam Na-Zariya:
Baba ranka ya daɗe, gaskiyarka. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ma ya shaida yadda takalman Kano ke fita har arewacin Afirka. Ba tsufan sana'a nake magana ba, girman oda nake nufi.

Ɗalibar Laknau:
Assalamu alaikum iyayena. Ni a Laknau nake karatu, fannin kimiyyar muhalli, kuma malamanmu sun kai mu Jajmau har sau biyu. Baba, akwai abin da zai ba ka mamaki. Itacen da majeman Kanfur suka fara jima da shi suna kiransa babul, kuma ba wani itace ba ne, bagaruwarmu ce. Ranar da na gan ta a bakin hanya sai da na tsaya na ɗauki hoto, kamar na ga 'yar garinmu. Bambancin kawai su ɓawon itacen suka fi amfani da shi, mu kuma 'ya'yan. Yawan babul a yankin, da ruwan kogi, da dabbobin ƙauyuka, suna cikin abin da ya sa jima ta zauna a garin.

Sai dai Alhaji Ɗan Fagge, da girmamawa, ka ga kwalin takalmi, ni kuma an kai ni inda ruwan ke fita. Yawancin jimar yanzu ba da bagaruwa ake yi ba, da gishirin kuromiyam ne. Shi ne ke mayar da fata shuɗiya ɗin nan da 'yan kasuwa ke ce wa wetbulu. Abin da bagaruwa za ta yi makonni tana yi a ƙirgi mai kauri, kuromiyam kwana ɗaya ya ishe shi, fatar kuma ta fi laushi da jure ruwa. Amma fata ba ta shanye maganin duka, ragowar sai ya bi ruwa, tare da gishiri da farar ƙasa da sinadarin cire gashi, wanda shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Akwai ƙauyuka a gefen Jajmau da aka yi shekaru ana ban-ruwan gonaki da wannan ruwan bayan an gauraya shi da na masai. A wajen gari kuma, a yankin Raniya, masana'antun da ke haɗa maganin kuromiyam sun bar tulin shara, ya tsiyaya cikin ƙasa, har famfon tuƙa-tuƙa yana fitar da ruwa mai launin ɗorawa-ɗorawa. Nau'in kuromiyam ɗin da ke cikin wannan sharar shi ne mai haɗarin, yana jawo ciwon fata da na huhu har da daji.

Ɗan Fagge:
'Yata ban musa ba, na ga lambatun da idona. Amma wace masana'anta ce a duniya ba ta da datti? Talauci ma ai yana kisa. Ki je ki ga samarin da ke zaune a bakin titi a unguwarmu tun safe har dare.

Ɗalibar Laknau:
Haka ne Alhaji. Abin da nake so a lura shi ne dattin ya dawo ya ci kasuwar da kanta. Tun 1985 wani lauya mai suna M.C. Mehta ya kai ƙara kotun ƙolin Indiya kan gurɓata kogin Ganga. A 1987 kotu ta yanke cewa duk majemar da ba za ta iya kafa wurin tace ruwanta na farko ba a rufe ta, ta ma kwatanta da masana'antar da ta kasa biyan mafi ƙarancin albashi, cewa ba ta da hujjar ci gaba da aiki. A 1994 aka gina matatar haɗin gwiwa da taimakon ƙasar Holan. An tsara ta ne ta karɓi lita miliyan 9 na ruwan majema a rana, a gauraya da lita miliyan 27 na ruwan gari. Majemu suka yi ta ƙaruwa har suka kai wajen 400, matata tana nan yadda take. Ruwan da ya fi ƙarfinta ina zai je? Kogi.

Shi kuma kogin nan ba kamar Challawa ba ne da za a yi shiru. Wurin mabiya addinin Hindu abin bauta ne, suna wanka a cikinsa don neman tsarki. Kimanin kilomita 200 a ƙasan Kanfur akwai Prayagraj, wanda a da ake kira Allahabad, inda ake taron Kumbh, miliyoyin mutane su shiga ruwa. Saboda taron 2019 gwamnatin jiha ta ce a rufe majemu daga tsakiyar Disambar 2018 zuwa tsakiyar Maris. Maris ya zo ya wuce ba a buɗe da yawansu ba, aka ƙara watanni, da aka buɗe kuma aka ce rabin ƙarfinsu za su yi aiki. Mai saye a Turai ba zai zauna jiranka ba. Oda ta koma Bangaladash da Pakistan, wasu masu majemu suka kwashe zuwa Kalkata.

Ɗan Fagge:
Wannan kam ya ci ni ni ma. Farkon 2025 na tura kuɗin kafin alƙalami ga wani kamfani, ba zan kama suna ba, aka yi alkawarin kaya cikin wata biyu. Sai ga babban taron Kumbh ɗin nan, aka ce an dakatar da jima. Kullum in kira sai a ce min gobe. Wata biyar na yi ina jira, wanda ya ba ni kwangilar a Abuja har ya fara kirana ɗan damfara. Dalilin da ya sa ma na je da ƙafata ke nan.

Na Ƙofar Ruwa:
Au, ashe tafiyar bin bashi ce aka ce mana ta kasuwanci. Allah ya mayar da alheri Alhaji.

Abu Sumayya:
Ni fa ina ganin ana kewaye-kewaye ne. Wa ke da majemun nan? Yawancinsu Musulmi ne. Wa ke aiki a ciki? Musulmi da 'yan ƙabilun da Hindu ke ɗauka ƙasƙantattu, waɗanda ake kira Dalit, domin a al'adarsu taɓa mushe da fata ƙazanta ce. Tun da Yogi Adityanath ya zama babban ministan jihar a Maris 2017 ya fara da rufe mayanka, aka ce ba su da lasisi. 'Yan banga masu kare saniya suna tare motoci suna dukan direbobi. Sannan a zo a ce mana wai kogi ake karewa? Ruwan masai na garin gaba ɗaya ba a kogin yake zuba ba? Me ya sa ba a rufe garin ba? Karya tattalin arzikin Musulmi ne kawai, ba wani abu ba.

Ɗalibar Laknau:
Malam Abu Sumayya, akwai gaskiya a maganarka, kuma masu majemun da muka zanta da su haka suke faɗa. In ana maganar yawa, ruwan masai na gari ya ninka na majemu nesa ba kusa ba. Akwai wani babban lambatu mai suna Sisamau da ya fi shekara ɗari yana zuba a kogin, sai a 'yan shekarun nan aka karkatar da shi. To amma guba ba a yawa take ba. Kuma hukuncin kotun nan na 1987 ne, shekara 30 kafin Yogi. Mutanen da ke shan ruwan ɗorawar nan su ma talakawa ne, cikinsu har da Musulmi. Ana iya zaluntar mutum alhali shi ma yana zaluntar na ƙasa da shi, duka biyun suna faruwa a Jajmau.

Abu Sumayya:
'Yar'uwa ke dai kina karatu a hannunsu, dole ki sassauta.

Mai Unguwa:
Malam Abu Sumayya a yi haƙuri, a tsaya kan magana, kada a koma kan mai magana. Yarinyar nan hujja ta kawo, in akwai wata a kawo.

Maman Hanifa:
Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri da jahilcina. Ba an ce Indiyawa ba sa yanka saniya ba? To fatar me suke jemewa har suka cika duniya da takalmi?

Ɗan Fagge:
Hajiya ɓauna ce, irin ta gida mai son kwanciya a ruwa. A jihar an haramta yanka saniya tun 1955, amma ɓauna ba ta cikin haramcin. Suna tatsar nononta, in ta tsufa a yanka. Indiya ma tana cikin manyan masu fitar da naman ɓauna a duniya, ƙasashen Larabawa da Biyetnam da Malesiya duk suna saye. Ƙirginta kauri gare shi, bai da kyan fuska kamar na maraƙi, shi ya sa ƙarfin Kanfur yake a takalmin ma'aikata da na soja, da bel, da tafin takalmi, da kayan doki. In takalmin gayu kike so na cikin gida, wannan sai Agra. Wanda ake kai wa manyan kantunan Turai kuma yawanci daga kudu yake fitowa, jihar Tamil Nadu, garuruwa irin su Ambur da Ranipet.

Mai Doki:
Yauwa, an zo wurin. Kayan doki. Alhaji da gaske ne sirdin da Turawa ke hawa a can ake yi?

Ɗan Fagge:
Ranka ya daɗe gani ya kori ji. Na shiga wani ɗaki da aka rataye ragama da linzami da majayi kamar an shanya kilishi. Kusan duk kayan dokin da Indiya ke fitarwa daga Kanfur ne, zuwa Jamus da Faransa da Ingila da Amurka da Ostareliya. Abin dariya, masu ɗinkin yawancinsu ba su taɓa hawa doki ba. Gadon barikin nan ne da Malam ya faɗa. Kuma shi kayan doki har yanzu da jimar ɓawon itace ake yin mai kyansa, don ita ce ke ba da fata mai tauri da ba ta miƙewa.

Mai Doki:
To ka ji. Mu da muke da hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Bida, ga 'yan folo a Kaduna da Legas, ga angwayen da ba sa aure sai da kilisa. Dukawanmu suna yin kayan ado da ba wanda ya isa ya yi irinsu, amma sirdin folo sai an shigo da shi. Wannan abin yana min ciwo.

Baba Majemi:
Ɗana mai doki, da wane ƙirgi za a yi maka sirdin? Ai kun cinye. Je ka kwata da asuba ka gani, kafin majemi ya taya mai ganda ya biya ya ɗauke. Ni da na jeme in jira wata guda kafin in ga kuɗina, shi kuwa ya babbake yau ya sayar gobe. Mahauci ma da ya san ganda za a yi ba ruwansa da wuƙa ta huda fata. Abin da ya rage mana fatar akuya da tunkiya, su ma manyan kamfanoni ne ke kwashewa.

Na Ƙofar Ruwa:
Baba don Allah a bar mana gandarmu. Talaka ya rasa nama, ya rasa kifi, yanzu kuma a ce ya ajiye ganda don wani ya hau doki?

Maman Hanifa:
Wallahi ni ma ban goyi bayan a taɓa ganda ba. An sha cewa za a hana, ba a iya ba, kuma ba za a iya ba. Amma bari in faɗa muku abin da nake gani a shago, shekarata 11 ina sayar da takalma. Mace ta shigo, in nuna mata na fata ɗinkin gida da na roba ɗan Sin. Ta san na fatar ya fi ƙarko, amma na robar take ɗauka, don kuɗinsa bai kai rabi ba kuma ya fi ƙyalli, biki ɗaya za ta je da shi ta canza. Sannan matsalar masu ɗinkinmu: in ce a yi min dozin biyar lamba 39, a kawo min wani ya matse wani ya yi sako-sako, gam yana leƙowa ta gefe. Na Aba sun fi mu wannan, ko da yake su ma sai su buga sunan Italiya a jiki. Ni ba kishin ƙasa nake sayarwa ba, takalmi nake sayarwa.

Malam Na-Zariya:
Hajiya kin dawo da mu kan maganata ta farko. Daidaiton lamba ba daga sama yake faɗowa ba, oda mai yawa ce ke koyar da shi. Ku lissafa: soja, 'yan sanda, kwastam, shige da fice, gandiroba, sibil difens, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake raba wa takalmi duk shekara. Da a ce an ɗaure cewa duk wannan a gida za a ɗinka, da fatar gida, shekara goma a jere ba tare da sabuwar gwamnati ta zo ta soke ba, da an ga canji. Ga cibiyar binciken fata a Samaru nan Zariya tana yaye ɗalibai, su fito su rasa inda za su yi aiki.

Injiniya Sharaɗa:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Na yi shekara 14 a wata majema a Kano kafin a sallame mu, don haka bari in ɗan rage muku zafi. Malam, odar soja ba za ta yi aiki ba in babu wuta. Gangar jima in ta fara juyawa ba a tsayar da ita, in wuta ta ɗauke a tsakiya fatun cikin sun tashi daga aiki. Mu da janareta muke kwana, dizal kaɗai ya isa ya cinye ribar. Maganin jima duka daga waje yake zuwa, da dala. Kanfur suna da masu haɗa magani a gida, da masu gyaran inji, da makarantun koyon aikin fata, ga babbar cibiyar fasaha ta IIT da ke garin tun 1959. Kuma su ma ba su ne a gaba ba, Sin ita kaɗai tana yin fiye da rabin takalman duniya, Indiya na bin ta daga nesa.

Game da ruwa kuma, kada mu yi wa Indiya dariya. Abin da ɗalibar nan ta faɗa duk akwai shi a Challawa da Sharaɗa da Bompai. Ni da hannuna na sha buɗe bawul da daddare a saki ruwa, don injin tacewar ya lalace an ƙi gyarawa, Allah ya yafe mana. Ƙasan wurin kuma mutane na noman rani, latas da kabeji da tumatir, mu saya a kasuwa mu ci. Bambancinmu da Kanfur, su koginsu yana da masu jin zafinsa har kotun ƙoli, namu ba shi da kowa.

Ɗalibar Laknau:
Injiniya Allah ya saka da alheri da wannan gaskiyar. Kuma abin yana da magani. Ana iya kama kuromiyam daga ruwan a sake jima da shi, wanda ma ragin kuɗi ne ga mai masana'anta. A Italiya, yankin Santa Croce da ke sayen fatunmu, majemu ɗaruruwa ne suka haɗa kuɗi suke gudanar da matata ɗaya. A Jajmau ma an gina sabuwa mai ɗaukar lita miliyan 20 a rana ƙarƙashin shirin tsabtace Ganga da gwamnatin Modi ta fara a 2014. Sai dai ta zo bayan majemu da yawa sun riga sun rufe. Bangaladash kuma ta kwashe majemun Hazaribagh daga cikin Dhaka zuwa Savar a 2017 tun matatar can ba ta kammala ba, sai aka tashi daga ɓata kogi ɗaya aka koma ɓata wani.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa, daga Maraɗi nike. Ku kuna kukan Italiya ta kwashe muku, mu kuma kukanmu ku ne. Jar akuyar da Baba ya ambata ai tamu ce da Sakkwato, hwatarta babu irinta wajen laushi da ƙarfi. Amma ɗanya take ƙetare iyaka ta Jibiya a kai Kano, mu ko wetbulun ba mu samu ba. Kowa da wanda ya fi ƙarfinsa.

Na Ƙofar Ruwa:
Ashe mu ma Turawan wasu ne. Alhamdu lillahi.

Abu Sumayya:
Ni har yanzu ban ga abin koyi a wurin mutanen da ake rufe wa masana'anta saboda wankan wasu ba. In koyi za a yi a duba Habasha, da suka sa harajin kashi 150 cikin ɗari kan fitar da ɗanyar fata a 2008 don a tilasta sarrafa ta a gida.

Injiniya Sharaɗa:
Malam an yi hakan, kuma masana'antun takalmi sun shigo Habasha, har da na 'yan Sin. Amma da masu saye na waje suka janye, farashin ɗanyar fata ya faɗi, makiyayi da mahauci suka kwana a ciki. In ka hana fitarwa alhali ba ka da masana'antar da za ta shanye, fatun layya za su ruɓe a hannun mutane ne kawai. Mu nan ma kowa ya ga yadda fatar rago ke zama ba daraja a wasu shekarun, har ƙungiyoyin da ke tarawa su rasa mai saye da daraja.

Ɗan Fagge:
To ni dai da na buɗe maganar, na ɗan sauko amma ban sauka duka ba. Na yarda ban so a ce rijiyar unguwarmu ta koma ruwan ɗorawa. Amma har gobe in na tuna layin nan da yara 'yan shekara ashirin ke fitowa daga aiki da yamma, ɗaruruwa, kowa da kwanon abincinsa, sai in ji wani abu a raina. Su ma ba daɗi suke ji ba, harajin kashi 50 da Amurka ta ɗora wa kayan Indiya a Agustan 2025 ya sa kowa kuka. Amma suna da abin da za su yi kuka a kai.

Injiniya, ina da tambaya ta kasuwanci. In na kawo samfurin takalmin nan, akwai inda za a iya yin saman a Kano, ko da tafin da ƙarfen bakin za a shigo da su?

Injiniya Sharaɗa:
Saman ba matsala in an sami ƙirgi mai kyau, sai dai fa ka yi takara da masu ganda. Injin da ke manna tafi ne babu a kusa. Kawo samfurin in gani, akwai tsofaffin abokan aikina biyu da ke zaune ba aiki. Amma kada ka karɓi odar kowa tukuna.

Maman Hanifa:
In za ku gwada ku sa da na 'yan makaranta, baƙi mai igiya, lamba 30 zuwa 38. Wannan duk Satumba sai na nema na rasa mai ƙarko. Ku kawo dozin biyu in gwada, amma in gam ya leƙo zan dawo muku da shi.

Baba Majemi:
Jikata ta Laknau, magana nake da ke. In Allah ya sa za ki zo hutu, ki samo min ɓawon babul ɗin nan ko cikin gwangwanin madara ne. Ina so in jiƙa shi gefe guda, in jiƙa 'ya'yan bagaruwarmu gefe guda, in sa fatar akuya ɗaya da na raba biyu, in ga wanne zai fi kama ta. Shekarata sittin ina wannan aiki ban taɓa gwada ɓawon ba.

Ɗalibar Laknau:
In sha Allahu Baba, a Disamba zan zo. Sai dai ka taya ni addu'a kada 'yan kwastam na filin jirgi su ce maganin gargajiya na ɗauko su ƙwace.

Na Ƙofar Ruwa:
Alhaji Ɗan Fagge, har yanzu ban ji maganar lamba 43 ba.